Muhawara: Danny Trejo ɗan wasa ne, ko fuskarsa kawai ake haya?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau da rigima na zo, wanda zai ji haushi ya ji. Kun san tsohon nan na fina-finan Amurka mai gashin baki da dogon gashi, mai zanen mace a ƙirji, wanda yara ke kira Machete? Sunansa Danny Trejo. Ni na ce mutumin nan ba ɗan wasa ba ne. Fuskarsa ake haya da tarihinsa na gidan yari, shi ke nan. Sana'ata tura fina-finai a waya, don haka ba labari aka ba ni ba. An ce ya fito a fim da shirin talabijin sama da 400, amma ka ɗauko goma ka jera, mutum ɗaya za ka gani: ya ɗaure fuska, ya zaro wuƙa, a kashe shi. Wani fim ɗin ma hotonsa ne ƙato a jikin fosta, ka tura wa kwastoma, gobe ya dawo yana maka masifa wai ko zama bai gyara ba aka harbe akton nasa. Yawan fitowa ba gwaninta ba ce. Mai ja, ga fili ga mai doki.

Autan Goggo: Wa alaikumus salam. Ka yi sa'a tsohon ba ya jin Hausa.

Baba Mai Majigi: Wa alaikumus salam. Ɗan Fagge, ɗana, rabin maganarka gaskiya ce, kuma shi kansa mutumin yakan faɗe ta yana dariya. Ya sha cewa shekarunsa na farko a harkar ko suna ba a ba shi, sai dai a rubuta fursuna na ɗaya. Har fim aka yi a kan rayuwarsa aka sa masa wannan laƙabin. Amma bari in ba yaran zaure tarihin kafin a yanke masa hukunci.

An haife shi a 1944 a Kalifoniya, iyayensa 'yan asalin Meziko ne. Ƙanin mahaifinsa, Gilbert, shi ya koya masa dambe, shi ya koya masa ƙwaya, shi ya koya masa fashi, tun bai san ciwon kansa ba. Yawancin shekarun 1960 a ɗaure ya yi su, daga San Quentin zuwa Folsom zuwa Soledad. A San Quentin ya zama zakaran damben boksin na gidan. A 1968 aka yi tarzoma a Soledad, aka kulle shi shi kaɗai da tuhumar da za ta iya kai shi ga hukuncin kisa. Allah ya kuɓutar da shi, daga nan ya rabu da shaye-shaye, ya fito a 1969, daga baya ya kama aikin jan hankalin masu shaye-shaye. Ya daɗe yana wannan aikin kafin a san shi a fim. A 1985 ya je wurin da ake ɗaukar fim ɗin Runaway Train, sai Edward Bunker, ɗaya daga cikin marubutan fim ɗin, wanda shi ma tsohon ɗan San Quentin ne, ya gane shi. Aka ɗauke shi ya koya wa Eric Roberts, ɗaya daga cikin jaruman fim ɗin, dambe a kan dala 320 a rana. Daraktan, Andrei Konchalovsky, mutumin Rasha, ya ga yadda yake motsi ya ce a sa shi a gaban kyamara ya zama abokin damben. Lokacin yana wajen shekara 40.

Ɗan Fagge: Allah ya ƙara girma, Baba, ai ka gama min aikina. Bai yi makarantar wasa ba, bai taka dandamali ba, bai ma nemi aikin ba. An ga tsohon fursuna ana neman fursuna, aka ce zo. Ina aktin a nan?

Malamar Dirama: Ɗan Fagge, yadda mutum ya shiga ɗaki daban, dalilin da ya sa ba a kore shi ba daban. Jihar Kalifoniya cike take da tsofaffin fursunoni masu zane a jiki, kuma Hollywood ta ɗebi da yawa ta tsayar a bayan jarumi don su cika hoto. Ina suke yau? Kada mu je da nisa, Edward Bunker ɗin da Baba ya ambata ya fi Trejo daɗewa a ɗaure, shi ma ya fito a fina-finai, har da Reservoir Dogs na 1992. Da rubutu ake tuna shi. Da tarihin gidan yari ne kayan sayarwar, da Bunker ne ke kan fostarka.

Abin da mutane ba sa gani shi ne, zama kanka a gaban kyamara na cikin abubuwa mafi wuya. Ina koyar da wannan, ina gani kullum. Ka ɗauko ɗalibin da ya fi kowa surutu da barkwanci a aji, ka ce ga kyamara, yi yadda ka saba. Nan take hannayensa za su rasa inda za su zauna, muryarsa ta canja, idonsa ya dinga neman darakta. Sannan a fim ba sau ɗaya ake yi ba. Za ka tsaya daidai inda aka yi maka alama a ƙasa ba tare da ka kalli ƙasan ba, ka faɗi magana ɗaya sau da yawa ta fuskoki daban-daban, hannunka ya ɗaga kofi a daidai kalmar da ya ɗaga ɗazu don mai haɗa hoto ya samu abin haɗawa, kuma duk wannan ya fito kamar yanzu abin ke faruwa. Wanda ya shekara kusan arba'in ana kiransa ana sake kiransa ya iya wannan.

Ka koma ka kalli Desperado na 1995. Ya fito a mai jifa da wuƙaƙe, daga farko har mutuwarsa bai ce uffan ba. Ba magana, ba ihu, tafiya ce kawai da kallo da yadda yake buɗe riga ka ga wuƙaƙen a jere. Antonio Banderas ne jarumin, amma ka tambayi duk wanda ya ga fim ɗin, zai tuna mai wuƙa. Robert Rodriguez, daraktan, ya ce a garin da suka yi aikin a Meziko mutane Trejo suka dinga yi wa dafifi, sun ɗauka shi ne akton.

Ɗan Fagge: Malama, da girmamawa, rashin maganar ai shaida ce a kansa. Darakta ya san in ya buɗe baki asiri zai tonu.

Autan Goggo: Ni ma na iya yin shiru, a kai ni Hollywood.

Malamar Dirama: Auta, kai ko a zauren nan ka kasa. Ɗan Fagge, tunda magana kake so, ga Heat na Michael Mann, shi ma 1995. Shi ne direban gungun 'yan fashin Robert De Niro. Aka kama shi aka tilasta masa ya tona asirin abokansa, aka kashe matarsa, aka yi masa dukan kawo wuƙa. De Niro ya zo da niyyar kashe maci amana, ya tarar da shi kwance cikin jini a ƙasan ɗaki. Ka saurari muryarsa a wurin. Babu ɗaure fuska, babu barazana, mutum ne da ƙarfinsa ya ƙare, yana tambayar matarsa, yana roƙon kada a bar shi a haka. Yana kwance, fuskar ma da kake cewa ita ake haya jini ya rufe ta. Kuma wanda ke durƙushe a kansa De Niro ne a lokacin da yake ganiyarsa, amma sin ɗin bai karkata ba.

Baba Mai Majigi: Wannan sin ɗin akwai labari a kansa, daga bakin Trejo. Ya ce ya tambayi De Niro yaya yake ganin za a yi, De Niro ya ba shi shawarar ya ɗauka ya riga ya mutu, ɗan numfashin da ya rage masa na roƙon a ƙarasa shi ne kawai.

Ɗan Fagge: To kun ji. De Niro ne ya yi masa aikin.

Malamar Dirama: Da faɗa wa mutum ya isa, da duk ɗalibaina sun zama De Niro, don kullum ina faɗa musu. A ba ka jimla ɗaya ka mayar da ita numfashi da murya da kallo, ai aikin ke nan gaba ɗaya.

Basakkwace: Sallama gare ku. Ni dai tun muna yara da munka fara kallon fim abu guda munka sani, akto da bos. In bos bai da ban tsoro, akto banza ne, kuɗin ƙofa sun tafi a iska. Kuma kahin a kai ga bos akwai yaran bos, waɗanda akto ka bi ta kansu. Wanga mutum ya daɗe shina wannan aiki. Charles Bronson ya bi ta kansa a 1987 cikin Death Wish na huɗu, Steven Seagal ya bi ta kansa a 1990 cikin Marked for Death. Da ka gane shi ka san akto ya shiga ukku, ko da kuwa ka san shi za a kashe. Amma fa in gaskiya za a bi, in anka ce bos, ni Amrish Puri nika sa gaba. Mutumin da ya yi Mogambo a 1987, shi ne kuma ya yi uban yarinya a Dilwale Dulhania Le Jayenge a 1995, uba mai tsauri wanda a ƙarshe sai da ya sa mu hawaye a tashar jirgi. Ban ga inda wanga na Amurka ya yi irin wannan juyi ba.

Ɗan Fagge: Allah ya biya ka, Basakkwace! Abin da nake faɗa ke nan. Amrish Puri ɗan wasa ne, ya ba ka tsoro, ya ba ka tausayi, ya ba ka dariya, kowane da fuskarsa. Shi ko wannan fuska ɗaya ya zo da ita duniya, da ita zai koma.

Maman Ilham: Ina karanta ku tun ɗazu, ina ganin duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Kuna ta auna mutumin, ba wanda ya tambayi wa ke rubuta labaran. A shekarun 1980 da 1990, ɗan asalin Meziko mai irin wannan fuskar, wane matsayi Hollywood ke da shi dominsa? Fursuna, dillalin hodar iblis, ɗan daba, makashi. Ba a rubuta masa likita ba, ba a rubuta masa lauya ko uban gida mai 'ya'ya ba. Amrish Puri a ƙasarsa yake, cikin mutanensa, duk wani matsayi da ke cikin labari ɗan Indiya ne zai yi shi, uba ne ko alƙali ko mugu. Shi kuwa Trejo a masana'antar da jarumi fari ne, uba fari ne, alƙali fari ne yake neman abinci. Ba za ka hana mutum fili ba sannan ka ce bai iya gudu ba.

Amma kada Malama ta yi murna, don ni ma ina da ƙorafi a kansa, ba na gwaninta ba. Ya karɓi wannan hoton hannu bibbiyu ya yi ta sayar da shi. A Con Air na 1997 mai yi wa mata fyaɗe ya fito, har sunansa a fim ɗin adadin matan ne. Duk lokacin da ya sake fitowa a irin wannan, yana ƙara tabbatar wa duniya cewa haka mutanensa suke. Mu da ake nuna nahiyarmu a fim da yunwa da bindiga kawai ya kamata mu fi kowa gane wannan. Ni malamar firamare ce, yaran ajina sun san Machete da adda, ba su san ya daina shaye-shaye tun 1968 ba.

Baba Mai Majigi: Maman Ilham, 'yata, wannan magana ce mai nauyi. An sha yi masa tambayar nan. Amsarsa ita ce shi bai san ana kulle shi a matsayi ɗaya ba, abin da ya sani kawai yana da aiki. Ka tuna mutum ne da ya fito daga kurkuku yana shekara 25 ba sana'a, ya yi aikin gini da gyaran lambu. Irin wannan ba ya zama yana zaɓen labari kamar wanda ya fito daga jami'a. Sannan yana da sharaɗin da ya sha faɗa a hira: in shi ne mugu a fim, to dole ya mutu ko ya ƙare a wulaƙance, don yara su ga cewa wannan hanyar ba ta ɓullewa. Wani lissafi da aka fitar a 2020 ya ce ya mutu a fim sau 65, ya wuce Christopher Lee na Ingila mai 60. Kuma har yanzu yana zuwa makarantu da gidajen gyaran hali yana yi wa matasa magana. Ya ce fim ɗin ne ke sa su saurare shi, da ba su san fuskarsa ba da ba su tsaya ba.

Maman Ilham: Baba, Allah ya ja kwana, niyyarsa na yarda da ita. Amma yaro wuƙar yake tunawa, ba mutuwar ba. Kowa a nan ya tuna yadda yake jifa a Desperado. Wa ya tuna wanda ya harbe shi?

Autan Goggo: Yaran bos ɗinsu ne suka harbe shi bisa kuskure, Anti. Ni na tuna.

Maman Ilham: Kai ai ba ka da aikin yi.

Autan Goggo: Tunda an taɓo ni, bari in kawo hujjata guda ɗaya in koma gefe. Duk wanda ya yi zaman shagon gem ya buga Vice City. Shugaban 'yan Kuba ɗin nan mai cika baki, Umberto Robina, wanda ke ba ka aiki yana ta ihu a kan jarumtaka, muryar Trejo ce. Fuskarsa ba ta wurin sam. Kuma ya daɗe yana yin murya a katun. To Yaya Ɗan Fagge, in fuska ake haya, me masu gem suka biya?

Ɗan Fagge: Sun biya muryar da ta dace da fuskar. Duk kanwar ja ce. Amma bari mu zo kan babbar jarrabawa. An ce ba a ba shi fili ba. A 2010 an ba shi fili, Machete, shi ne akto, sunansa a sama. Me ya faru? Sai da aka kewaye shi da De Niro da Seagal da Jessica Alba da Michelle Rodriguez da Don Johnson don kada fim ɗin ya faɗi. Maganarsa a ciki ba ta da yawa, sauran duk sara ne. Da aka yi na biyu a 2013, kasuwa ta ƙi shi, ko kuɗin da aka kashe bai dawo ba a sinima. Kuma kada a manta Robert Rodriguez ɗan'uwansa ne. Ko a can ma akwai sanayya.

Baba Mai Majigi: Dangantakar gaskiya ce, amma ba su san da ita ba sai da suna cikin aikin Desperado, bayan an riga an ɗauke shi. Ni abin da ya burge ni a Machete daban ne. Shekara ashirin kafin nan Seagal ne akto, Trejo ɗan ƙaramin ɗan daba da ake bi da gudu a farkon fim. A 2010 Trejo ne akto yana da shekara 66, Seagal ne bos. Na yi aiki a gidan sinima tun ana jan fim a faifai, ban san yaron bos da yawa da suka kai ga haka ba. Lee Van Cleef ne ke zuwa min a rai, wanda ya fito a High Noon a 1952 bai ce komai ba, ya yi ta yaron mugu har darakta Sergio Leone ya kira shi Turai a 1965.

Malamar Dirama: Ɗan Fagge, ka haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne: iya wasa, da iya ɗaukar nauyin fim a kasuwa. Na biyun aikin tauraro ne, kuma akwai taurarin da ba su iya wasa ba, ba sai na kama suna ba, ɗaya yana cikin jerin da ka kawo yanzu. Ita Hollywood ta san da bambancin tun da daɗewa, shi ya sa aka ware kyautar Oscar ta masu tallafa wa jarumi tun daga fina-finan 1936. Walter Brennan ya ci ta sau uku cikin shekara biyar, kuma yawancin rayuwarsa tsoho mai ƙorafi a gefen jarumi yake fitowa. Harry Dean Stanton ya shafe shekara sittin yana aiki ba a taɓa ko sa sunansa a takarar Oscar ba. John Cazale fim biyar kacal ya yi kafin ya rasu a 1978 yana da shekara 42, duka biyar ɗin sun shiga takarar fim mafi kyau, shi bai taɓa zama jarumi ba.

Ɗan Fagge: Na gode da kika kawo Cazale da kanki. Biyar da 400. Fredo na The Godfather, ɗan'uwa mai rauni da ake rainawa, da ɗan fashin bankin nan mai ido a zurme na Dog Day Afternoon, wallahi sai an faɗa maka mutum ɗaya ne. Wannan shi ne ɗan wasan gefe na gaske, ya ɓace a cikin matsayin. Kina so ki ce min Trejo sa'an Cazale ne?

Malamar Dirama: Ban ce ba, kuma ba zan ce ba. Cazale ya fi shi nesa ba kusa ba. Amma da'awarka ba wai wani ya fi shi ba ce, cewa ka yi ba ɗan wasa ba ne. Masu wannan aikin iri biyu ne tun fil azal. Akwai mai ɓacewa, ka gan shi yau ka kasa gane shi gobe, irin Cazale. Akwai kuma wanda ke zuwa da abu ɗaya nasa, darakta ya kira shi saboda wannan abun, shi kuma gwanintarsa ita ce sanin yawan da zai zuba a kowane fim. Marigayi Ibro a wannan layin yake. Wa ya taɓa ganin Ibro ya ɓace a cikin matsayi? Ko ɗan sanda ya fito ko malami ko direba, Ibro ne. Akwai mai ƙarfin halin da zai ce bai iya wasa ba? Mai tsiren da ya shekara arba'in layi bai yanke a gaban tukubarsa ba, ba ka ce bai iya wuta ba don ba ka taɓa cin tuwonsa ba.

Kuma abu ɗayan nan na Trejo ya juya shi ta hanyoyin da ba ka lissafa ba. A Spy Kids na 2001 fim ɗin yara ne, shi ne baffan yaran mai ƙera na'urori, mai fushi da ɗan'uwansa, fuskar nan dai ita ce amma dariya take ba ka. A Breaking Bad sau biyu kacal ya fito, mai kai wa jami'an yaƙi da ƙwaya rahoto, yana zaune yana musu iyayi yana zaɓen kyautar da za su saya masa kafin ya buɗe baki. Wannan ɗan rainin hankali ne mai jin daɗin kansa, ba makashi mai shiru ba. Sannan Sherrybaby na 2006, tare da Maggie Gyllenhaal. Ita ce wadda ta fito daga kurkuku tana neman ta dawo da 'yarta, shi kuma wanda ya daɗe da barin shaye-shaye, suka haɗu a zaman masu neman rabuwa da ƙwaya. Babu wuƙa, babu bindiga, magana ce a hankali da haƙuri, kuma bai mayar da mutumin waliyyi ba.

Ɗan Fagge: Tsohon mashayi mai ba masu shaye-shaye shawara. Malama, ai aikin da ya yi ne kafin ya shiga fim. Kansa ya sake yi.

Maman Ilham: Ikon Allah. In ya yi mugu ka ce kansa ya yi, in ya yi mai tausayi ka ce kansa ya yi. To mutumin nan kansa nawa ne? Ni tambaya ɗaya zan maka: Sherrybaby ɗin yana cikin kwamfutarka?

Ɗan Fagge: Babu. Ba wanda ya taɓa tambayata shi.

Maman Ilham: To ka ga masu hayar fuskar. Ba a Amurka kaɗai suke ba.

Basakkwace: Hajiya ta kama ka, ɗan'uwa. Amma kada a wanke shi tas. Cikin ɗari huɗun nan akwai tarkace da yawa, fina-finan da ko sinima ba su gani ba. Wanda ya san darajar aikinai ai shina cewa a'a wani lokaci.

Baba Mai Majigi: Akwai tarkace, babu musu. Yadda abin yake, mai ƙaramin jari zai ɗauke shi aikin yini ɗaya ko biyu, ya ɗauki sin uku, ya manna hotonsa a fosta, da wannan hoton zai sayar da fim ɗin a ƙasashen waje. Shi an biya shi kuɗin yininsa, yaudarar ta mai fosta ce, ko da yake ba zan ce bai san abin da ake yi da hoton ba. Shi a wurinsa aiki ne irin na ma'aikaci, ya zo a kan lokaci, ya yi, ya tafi. Ko wasan haɗari ba ya yarda ya yi da kansa, ya ce ba zai jefa abincin ma'aikata da yawa cikin haɗari ba don kawai a ce shi namiji ne, in ya karye aiki ya tsaya kowa ya zauna. Kuma ya taɓa cewa a'a a inda take da tsada. A farkon shekarun 1990 an nemi ya shiga American Me na Edward James Olmos, labarin ƙungiyar 'yan daban Meziko ta cikin kurkuku. Ya san mutanen da ake magana a kansu ido da ido, ya ƙi, ya shiga Blood In Blood Out maimakonsa. Daga 2016 kuma ya buɗe gidajen abinci a Los Angeles da sunansa, nan ma hoton fuskar ne a jikin allo.

Ɗan Fagge: Ka ji ko, har a gidan abinci. Ni ban ce mutumin banza ba ne, Baba. Ko labarin 2019 na gani, da mota ta kife a gabansa ya shiga ya taimaka aka ciro yaro, yana da shekara 75. Namiji ne. Amma halin kirki daban, aktin daban. Malama ta kawo Harry Dean Stanton. Shi da aka ba shi jarumi a Paris, Texas a 1984, fim mai nauyi ba na sara ba, ya riƙe shi har fim ɗin ya ci babbar kyautar Cannes a Faransa. Ina na Trejo?

Malamar Dirama: Stanton ya yi shekara talatin yana gefe kafin marubuci Sam Shepard da darakta Wim Wenders su ba shi wannan matsayin. Da ba su ba shi ba, da yau kana nan kana cewa shi ma fuskar gajiya kawai yake sayarwa. Shi Trejo wanda ya tsaya masa Rodriguez ne, Rodriguez kuwa fim ɗin sara da barkwanci yake yi, abin da ke hannunsa ya ba shi. Abin da na gani a ƙasan ɗakin nan na Heat ya isa in ce da an ba shi mai nauyin zai ɗauka.

Ɗan Fagge: Da an ba shi. Sin ɗaya a 1995 da fim ɗaya a 2006, sauran duk "da". Ya haura 80 yanzu, in za su ba shi su hanzarta. Zan nemo Sherrybaby in kalla a daren nan saboda Maman Ilham, amma kafin nan ina kan bakana.